Ragon Goggo da Jan Fenti

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi a Haɗeja ina aji huɗu a karatun likitan dabbobi ba. An ba ni aikin rubutu kan wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki da ake kira scrapie, mai sa tunkiya ta yi ta goga jiki da garu har gashinta ya zube. Masu bincike kan raba tumaki gida biyu, su sa wa rukuni ɗaya cutar da gangan, su bar ɗayan, sannan su zuba ido. Na karanta har kaina ya ɗau zafi, amma ban gane yadda ake zuba idon ba. Sai na ce bari in gwada da tumakin Goggo Hari, ƙanwar babana.

Allah shaida, ban yi wa ko ɗaya allura ba. Jan fenti kawai na shafa wa uku a gadon baya, na sa musu suna "masu cuta" a littafina, na zauna a gindin darbejiya ina ƙirga susa. (Ban nemi izini ba, don ni ko ƙarin miya kunyar nema nake.) Cikin ukun har da ragon da Goggo ta turke don sunan jikanta, saura kwana biyu.

Abin da ban sani ba, duk da a garin aka haife ni, shi ne fatake da fenti suke shaida dabbar da suka saya. Gidan Goggo kuwa a bayan kara yake, wato kasuwar dabbobi. Ran kasuwa na kwance ragon don in ga tafiyarsa, na sunkuya ina rubutu, na ɗago babu shi.

Goggo ta figi mayafi, ta tasa ni gaba. Muka tarar da shi a saman motar da za ta kudu, cikin raguna masu jan baya irin nasa.

"Hajiya, duk mai ja nawa ne," in ji Alhajin da ke lodi. "Ina shaidarki?"

Goggo ta zungure ni. Na buɗe littafi, na karanta: "Rago na biyu, baƙin kunne, karyayyen ƙahon hagu. Rukunin masu cuta. Ya yi susa sau tara."

Alhaji ya tsayar da lodi, ya juyo gare ni.

"Wace cuta, ɗan samari?"

Mai hankali zai ce babu wata cuta. Ni kuwa an yi min tambayar da na san amsarta, sai na ji kamar a ɗakin jarrabawa nake. Na ce ba ƙwayar cuta ba ce, wani sinadarin jiki ne, furotin, da ya lanƙwashe. Na ce ba ta da magani, tafasawa ba ta kashe ta, kuma takan yi shekara biyu a jiki kafin ta nuna.

"Innalillahi! Ku sauke su duka!" in ji Alhaji.

Aka sauke. Raguna kuwa, kamar an haɗa baki da su, kowanne ya nemi gefen mota ya hau susa.

Goggo ta dafe ƙirji. "Ragon sunan ka sa wa cuta, ɗan nan?"

"A takarda ne kawai, Goggo."

"Takardar ce ba ta da lafiya?"

"A'a... wato... shi lafiyarsa ƙalau."

"To me ya kawo fenti?"

"Fentin na gaske ne."

Alhaji ya dube ni, ya dubi Goggo. "Hajiya, ɗauki ragonki. Wannan kuma a nema masa rubutu ya sha."

Ran suna aka yanka rago, amma labari ya riga mu zaga unguwa. Mata suka yi ta cewa sun ƙoshi. Sai Goggo ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da ni, ta dire min kwanon nama.

"Bismillah, likita. Ci a gabansu. Mu ma za mu zuba ido shekara biyun."

Na ci, mata kusan talatin suna kallon bakina. Da na kai loma ta biyar ban faɗi ba, suka miƙo kwanuka.

Na dai koyi cewa in za ka yi wa mutane bayanin ilimi, ka fara da abin da ba ka yi ba. Kuma har yau, in ƙaiƙayi ya kama ni a gidan Goggo, daurewa nake har in fita waje.