Rasuwar Tanderun Gidan Iyatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Allah, ni Iyatu ta Ƙofar Atiku nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin gurasar gidan nan rasuwar Tanderu, wanda ajali ya riska jiya da hantsi a bayan madafi, wurin da ya zauna tun ina da haƙora. Ni nake faɗa, ɗana Malam Ladan ne yake rubutawa, don idona ya daina rabe baƙi da fari. Ina jin yana danne dariya. Allah ya shirye shi, da gurasar marigayi aka yaye shi.

Marigayi ba haifaffen Sakkwato ba ne ta wajen uwa. Wata maginiya ce Bakanuwa ta biyo fatake, damina ta tsare ta a gidanmu, ta gina shi da yumɓun bakin gulbi a matsayin tukuicin masauki, ta koma ba ta bar ko sunan unguwarsu ba. Tun daga nan na kai wa maginan garin nan kuka ba sau ɗaya ba, su yi masa ƙane. Kowace sai ta miƙo mini randa mai faɗin baki ta ce ga shi. Randa ruwa ta sani, ba ta san wuta ba.

Ya kasance mai haƙuri, mai riƙon amana. Ka jiƙa hannu, ka manna masa kwaɓin alkama a bangon cikinsa, zai riƙe maka har ya nuna, ba ya saki sai in kai ne ka yi ragwanci. Bai taɓa neman itace mai tsada ba, karan dawa ya ishe shi. Baƙin da suke zuwa ziyara Hubbare sun sha cin sadakarsa ranar Juma'a ba su san fuskarsa ba. Maganarsa kaɗan ce, kuma na haddace ta duka. In yana cewa ƙaras-ƙaras, bai shirya ba. In ya yi shiru yana huci, huuu, to miƙo hannu. In ka manna ya amsa da tas, ya karɓa. Da idona ya fara dushewa, da wannan murya na ci gaba da gashi, har maƙwabta ba su gane ba.

Da ita kuma nake koya wa jikokina, Mariyatu da ƙanwarta Saudatu da autansu Maccido. Niƙa sun iya, tankaɗe sun iya. Sun san yadda ake rage ɗan tsohon kwaɓi don ya tayar da sabo. Abu ɗaya ya rage, shi ne kuma sana'ar gaba ɗaya: sa hannu cikin wuta. Mariyatu ta fara, sai dai har yanzu takan janye da wuri, gurasar ta faɗa toka, marigayi ya ce fuu kamar mai tsaki. Na sa rai kafin azumi hannunta zai faɗa. Ban taɓa faɗa musu dalilin gaggawata ba, suna cewa Inna ta cika faɗa.

Ciwon ajalinsa tsaga ce da ta fito masa a kafaɗa bayan damina. Na liƙe ta da yumɓu da toka, ya ci gaba da aiki bai ko yi ƙorafi ba. Amma gidan nan gidan malamai ne. Jariri ya yi zazzaɓi, rubutu. Akuya ta ƙi cin dusa, rubutu. Yaran sun ga tsagar tana ƙaruwa, sun ga ina shafa ta ina jan numfashi, suka yi shawara a tsakaninsu. Maccido ya rubuta addu'ar neman sauƙi a allonsa, Saudatu ta wanke da ruwan randa mai sanyi ƙarara, ta cika ƙwarya don maganin ya wadata. Suka jira na je alwala, marigayi ya yi jajir yana huci, suka tuttule masa a baki.

Daga bayan ɗaki na ji kalmarsa ta ƙarshe. Ɗau! Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Na fito ina lalube, na taka guntunsa da zafi, Saudatu ta riƙe mini zane tana kuka tana cewa, "Inna, magani munka ba shi, wallahi magani na!" Garin neman gira aka rasa ido. Na ɗaga hannu in kai mata duka, sai na rasa laifin da zan ce ta yi. Na zauna a ƙasa muka yi kukan tare.

Ya rasu ya bar murfinsa, wanda yau ba shi da bakin da zai rufe. Ya bar dutsen niƙa da rariya da faifai biyu, duk sun zama marayu. Ya bar ƙwaryar kwaɓi da ta riga ta tashi tana jiransa, yanzu tana tsami a inuwa. Ya bar yara uku da ba su sa komai a baki ba tun jiya, da tsohuwa ɗaya wadda ba ta iya koyar da gurasa da baki. Wannan abu hannu ne kan hannu, a bakin wuta. Wallahi ina tsoro. In duhun nan ya gama rufe ni kafin a samu wani tanderun, ba zan sa hannun jikata cikin wutar da ban gani ba kuma ban san muryarta ba, gurasar gidan nan kuwa ta bi ni kushewa.

Za a kai shi makwancinsa yau bayan la'asar, a gindin kurnar bayan gida. Yaran ne za su ɗauke shi a kwando, kuma kada wanda ya harare su. Zaman gaisuwa a tsakar gida ne. Sadaka fura ce, mai sa ran gurasa ya yi haƙuri. Kada a kawo mini hatsi ko goro. Mai ɗan uwa cikin fataken da za su Kano ya taimake ni don Allah, ya ce su nemo maginiyar tanderu, ko tsohuwa ce a ɗoro ta kan jaki, ɗakina nata ne, ni sai in kwana a madafi. A ce musu kada su tsaya jiran rani.

Wanda ya zo gaisuwa kuma ya faɗi sunansa tun daga zaure, da ƙarfi. Yau da safe Mariyatu ta durƙusa a gabana da ruwan wanke baki, na tambaye ta 'yar gidan wa ce.