Masu Suma a Tanki na Biyu

Wani ne a wani ƙaramin gari na jihar Wisconsin ta Amurka ya samu aiki a wurin tace ruwan ƙazanta. Gwajin wata ɗaya aka ba shi, in ya yi kyau a riƙe shi. Mutumin nan yana da ciwo guda: ba ya iya ganin mai rai da yunwa. Karensa ma, saboda ƙiba, sai an tallabe shi yake hawa mota.

Ranar farko shugabar wurin, Madam Marlys, ta kai shi bakin tanki na biyu.

"Ƙwayoyin halittar da ke cikin nan su ke cinye dattin," in ji ta. "Awa ɗaya za ka buɗe musu ruwan datti su ci, sai ka rufe, awa biyar ko ɗigo. Yunwar ce ke sa su dunƙule."

Ta ɗebo ruwan a kofin gilashi. Ga su nan dunƙule-dunƙule kamar tsakin masara. Kafin minti biyar duk sun zube a gindin kofin, ruwan sama ya yi garau.

"Ka gani? Haka ake so."

Gogan naku ya ce to. Amma a ransa cewa ya yi, "Wayyo, bayin Allah. Suma suka yi, ita kuma tana murna."

Da rana ta yi, ya buɗe jakar abincinsa, burodin ya ƙi wucewa. Yaya zai ci, ga miliyoyi a gefensa bakinsu a bushe? Ya waiga, ba kowa. Ya ɗan murɗa famfon.

"Ku yi maza, kada ta dawo."

Kashegari ya zo da jarka biyu na ruwan cuku daga masana'antar surukinsa. Ranar Litinin kuwa, ragowar abincin walimar coci ya kwaso, har da taliya mai cuku da donot, fanken Turawa mai zaƙi, tire guda.

Wani tsohon ma'aikaci, Orville, ya gan shi yana marmasa donot a tanki.

"Kai, ɗan'uwa, agwagi ka samu a ciki?"

"A'a, yara ne."

Orville saura wata biyu ya yi ritaya, ba ya neman magana. Ya juya ya tafi abinsa.

Su kuwa ƙwayoyin, da suka ga abinci ba ya yankewa, sai kowa ya saki ɗan'uwansa. Dunƙulen ya warware, suka baje kamar auduga a ruwa, suna ta yawo a sama. Mutumin ya riƙa kallonsu yana jin daɗi har cikin ransa.

Ranar da watansa ya cika, ranar ce mai duba tsabtar ruwa na jiha ya zo. Madam Marlys ta ɗebo ruwan tankin a kofin gilashi da alfahari, ta ajiye a gabansa.

"Yallaɓai, duba agogonka. Minti biyar."

Minti biyar ya wuce. Goma ya wuce. Baƙon ya shanye gahawar da aka kawo masa, aka ƙaro masa wata. Bayan rabin awa ruwan yana nan kamar kunu, ga wani guntun taliya yana kewaya kofin.

Ta juyo a hankali.

"Bawan Allah, me ka yi wa tankina?"

"Madam, ba na son yabon kai a gaban baƙo."

"Faɗi."

"Sau shida a rana. Litinin har da ɗan abin zaƙi."

Baƙon ya ciro biro ya fara rubutu. Madam Marlys ta miƙa hannu.

"Shekara biyu na yi ina renonsu. Ba ni makullaina, ka kama hanya."

Ya ciro makullan ya ajiye mata a tafin hannu. Ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo ya nuna kofin.

"Ki kore ni, Madam, ba komai. Amma ki faɗa wa baƙon nan gaskiya: tun da na karɓe su, ko ɗaya bai ƙara suma ba."