Sarƙar Taya a Kan Rumbun Indo

Taraktar ƙungiyar manoman Gidan Sori tsohuwa ce, sai da ta gama wahala a ƙasar da ƙanƙara ke rufe hanya sannan aka sayo mana ita. Ta iso da sarƙoƙi biyu cikin buhu, irin waɗanda ake naɗa wa manyan tayoyin baya don kada su yi santsi. Mu dai ba mu da ƙanƙara, amma laka kam Allah ya hore mana. Nomau shofer, mai tuƙa ta, ya jefa buhun a zaure ya manta, har taubashiyarsa Indo, ɗiyar gwaggonsa, ta zo bikin suna gidansa ta sa aka ɗora mata ɗaya a kan jaki. Wa zai hana ta? Kayan taubashi ne. Tun rasuwar mijinta jinkar rumbunta ta ruɓe, iska na ɗaga ta, sai ta sa aka yafa sarƙar a kai ta danne.

To, ran nan an kwana ana ruwa. Da hantsi sai ga Nomau a ƙofar gidanta, laka har gwiwa, yana haki, ga shi dama Allah ya yi shi da tumbi.

"Lahiya lau, ruwa ya yi gyara," in ji Indo. "Kai kuma wane rami ka hito? Ko sun gane ka, sun maishe ka cikin kwaɗi 'yan'uwanka?"

"Baiwata, ba surutu ya kawo ni ba. Sarƙata na zo ɗauka."

"Wa ce baiwarka? Uwata ta goyi ubanka, ya yi mata hitsari a baya. Ɗan wanda aka goya ba ya da sarƙa."

"Indo, tarakta ta kahe a ƙorama. Na naɗa ɗaya, tayar da ba ta da sarƙa sai juyawa take tana gina ma kanta kabari. Dubi gabas."

Ta ɗaga kai. Hadari ne ke haɗuwa, baƙi ƙirin. Kowa ya san ƙoramar nan, in ruwa ya sauko daga tudu ba ta barin ko kututture. Kuma taraktar amana ce, a gaban jama'a aka damƙa masa makulli.

"Na gani," ta ce. "Kai ma dubi rumbuna. Hatsin da zai kai ni kaka na ciki. In na ɗage sarƙa iska ta kwashe jinka, tumbinka zan dama in sha?"

"Ai ya ishe ki har baɗi."

"Wannan gaskiya ne. Amma mi ya kai ka ƙorama, ga hanyar tudu shimfiɗe?"

"Shan iska."

"Da tarakta?"

"Kowa da irin dokinsa. Ke ba jaki kike hawa kina gaishe da mutane kamar matar sarki ba?"

"Jakina bai taɓa kahewa ba. Ya hi ka hankali, ya hi ka kyawun haƙora."

"Shi ya sa kuke kama."

Indo ta yi dariya har da riƙe ƙugu, amma idonta na kan hadarin. Nomau kuwa dariyar ba ta zauna masa ba, tsoro ne fal a cikinsa. Ta lura, don tare suka yi wasan ƙasa, ta san fuskarsa in abu ya kai masa wuya.

"To, roƙe ni," ta ce.

"Don Allah."

"Ba haka ba. Ce uwar ɗakina."

"Ko da taraktar za ta kai teku."

"Ashe ba ka matsu ba." Tana faɗa tana kwance jaki. "Zo ka kama can, malalaci. Ba don kai ba, don kada a ce bawana ya zubar da amana, sunana ne zai ɓaci."

Suka janyo sarƙar daga kan jinka, nauyi kamar gawar maraƙi. Jinkar ta ɗan girgiza, Indo ta kau da kai ba ta sake duba ta ba. Suka ɗora wa jaki suka gangara.

A ƙorama tarakta ta zauna cikin laka, tirelar da take ja an lulluɓe ta da tamfol. Nomau ya shimfiɗa sarƙar a ƙasa yana warware inda ta murɗe.

"Ƙugiyoyin su dubi waje," ya ce, "in sun dubi taya za su cinye ta."

"Kamar kai da tuwon mutane."

Suka ɗaga suka yafa ta a kan tayar, gefe da gefe daidai. Saura a maƙala ƙugiyar ciki, wadda ke tsakanin taya da jikin tarakta, ita ake fara sawa. Nomau ya tura kai, ya tura kafaɗa, tumbi ya ce nan na tsaya.

"Sannu, mai ciki," in ji Indo. "Yaushe ne suna?"

"Ke da kike kamar tsinken tsire, shiga mana."

"Ce uwar ɗakina."

"Indo, iska ta taso."

Ta ɗaure zane ta kutsa, ta laluba cikin laka har ta maƙala. Shi kuma ya ja ƙugiyar waje ya ɗaure, ya hau ya ɗan motsa, ya sauko ya ƙara tamke inda ta saki. Da ya sake ba ta wuta, tayoyin biyu suka ciji ƙasa, tarakta ta yi gurnani ta haye tudu, tana watsa wa Indo laka har goshi.

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai iska ta yaye gefen tamfol. Dammunan shuci ne jere, sabuwar ciyawar rufi, da igiyar kaba, da sandunan jinka. Sai yanzu ta tuna, hanyar ƙoramar nan ba ta zuwa ko'ina sai unguwarsu.

"Na wa ne wannan?" ta ce.

"Na wata tsohuwa ce mai baƙar magana. Ba ki san ta ba."

"Daga Tibiri ka ɗauko?"

"Tsinta na yi."

Ta ja ciyawar ta shinshina. "Ba ta da kyau ma. An cuce ka." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ƙara shafa wa kanta laka. Wallahi abin ya taɓa ta, don tun rasuwar mai gidan ba wanda ya ɗaga kai ya dubi jinkar nan.

"Kuka kike?"

"Warin gazuwal ne, man taraktar nan taka. Ja mu tahi."

Suka isa ɗigon farko na sauka. Jinka ta karkace kamar hular mashayi, amma tana nan. Suka yafa mata tamfol suka ɗaure da igiyar kaba, suka kwashe shucin zuwa zaure, baibaya sai gobe. Indo ta shige bayan ɗaki, aka ji kaji na kururuwa, ta fito riƙe da jan zakaranta wanda take ji da shi.

"Ungo," ta ce tana dariya. "Yau ka kada ni."

"Ce ubangidana."

"Kada ka wuce wuri. Kuma in damina ta hita ka maido mini sarƙata."

"Mi za ki yi da ita, ga sabuwar jinka?"

"In ba ta hannuna, mi zai riƙa kawo ka gidan nan?"