Na'urar zuƙe hayaƙi da irin dawar Baba

Ba zan taɓa mantawa da Istar da na tara mata a gidanmu na Zuru don in nuna musu sabon kicin ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Baba ya rasu bayan girbi. Tsohon soja ne, da ya yi ritaya ya koma noma. Ni kuwa ina aiki a Kaduna, kewarsa ta hana ni sakat, sai na ce bari in yi wa Mama wani abu babba: in rushe tsohuwar madafarta mai baƙin rufi, in yi mata kicin irin na birni. Na lallaɓa ta ta tafi Ribah wurin ƙanwarta, na kira magina.

Murhun gas da tayil ba su ba ni wahala ba. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne na'urar da ake kafawa saman murhu tana zuƙe hayaƙi. Sati uku ina zaɓe. Akwai shimfiɗaɗɗiya mai ɓuya ƙarƙashin kabad, akwai mai gilashi a karkace, akwai mai faɗin baki kamar malfa da dogon bututu. Abokan aikina sun gaji da hotunan da nake tura musu (wata ma ta daina buɗe saƙona, na gani, ban dai yi magana ba). A ƙarshe na ɗauki mai malfar, don ita ce za a hango tun daga bakin ƙofa.

Ranar da za a sauke tsohon rufin, na ga zangarniyoyin jar dawa rataye saman murhu, kunkunniya ta rufe su, an ɗaure su da igiyar takalmin soja. Na san irin shuka ne, Baba ne ya zaɓe su da hannunsa a girbinsa na ƙarshe. Don haka na karkaɗe su tas, na zuba a leda, na ƙulle, na sa a kabad na can sama inda datti ba zai kai ba. Har yaba wa kaina na yi.

Da Mama ta dawo ta yi godiya, ta shafa tayil, sannan ta tambayi irin. Na ce yana wuri mai tsabta. Sau biyu ta sake tambaya ta waya ko a sauko da shi, tunda gwiwarta ba ta barinta hawa kujera. Na ce ta bar shi, ai zamani ya wuce rataye abinci cikin hayaƙi. Ta ce to.

Ranar Ista bayan an taso daga coci, matan zumunta suka cika gidan. Na tsaya gaban murhu, na danna maɓalli, na'ura ta ɗauki ƙugi. Na ƙona takarda don su ga yadda hayaƙi ke shigewa. Ina ta bayani, har da cewa daga yau ba sauran baƙi a rufin Mama.

Gwaggo Rifkatu, yayar Baba da ta zo daga Manga, ba ta ko kalli na'urar ba. Ta ɗaga kai tana duban farin silin, ta ce, "Ɗiyata, ina irin ƙanena? Ruwa ya kusa sauka."

Na hau kujera da rawar jiki, na sauko da ledar, na kwance a gaban kowa. Gari ne ya zubo, ƙwari na yawo a cikinsa. Na ɗaga zangarniya ɗaya, ta marmashe a hannuna, ba abin da ya saura sai kara da igiyar takalmin. Na'urar kuwa tana ta ƙugi a bayana, na rasa ma ina maɓallin kashewa yake.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Gwaggo ta ce hayaƙin da na yi sati uku ina neman abin korarsa, shi ke hana ƙwari taɓa iri, haka kakanmu ya yi, haka Baba ya gada. Mama ta tsugunna ta ɗauki igiyar, ta kaɗe ta, ta ce a hankali, "Ni dai so na yi in shuka abin da ya taɓa da hannunsa, ko sau ɗaya."

Nan na fashe da kuka, da kwalliyata da komai.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta aiko da zangarniya uku daga Manga. Dangin irin ne, amma ba Baba ya zaɓe su ba, kuma duk mun san haka. Su ne Mama ta shuka. Da aka yi girbi na zo, muka zaɓi sababbi tare, na ɗaure su da igiyar takalmin nan, na rataye a rumfar bayan gida inda ta koma hura itacenta. Kicin ɗina yana nan fes, shayi kawai ake dafawa a ciki.

Yanzu in na ga wani abu ya yi baƙi a gidanmu, sai na tambayi aikin da yake yi kafin in ɗauko soso. In kuma na koma Kaduna gyalena na warin hayaƙi, nakan yi sati ban wanke shi ba.