Akwatin Magani Mai Baki

"...Lafiya lau, mijin wahala. Yau kuma wace iska ta jefo ka?" in ji Kaka, ko motsi ba ta yi daga kujerar bakin taga ba, inda take wuni tana kallon motoci.

Jikan nata ya dire wani akwatin kwali a kan tebur. Mai bincike ne. Wata shida ke nan shi da likita da injiniya da wata mai nazarin halayyar mutane suna fama da akwatin da zai riƙa tuna wa tsofaffi shan magani, amma kowa ya kulle kansa a ofis, magana sai ta saƙo. Ko abincin rana shi kaɗai yake ci, abin kuwa yana ci masa rai, har Kaka ta sha jin ƙorafin a waya. Da aiki ya cije har ana zancen rufe shi, aka ce kowa ya ɗauki na gwaji ya je ya saurari masu shan maganin.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, mai tuni na kawo miki."

"Kwali? Duk bokon nan a kwali ya ƙare? Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba!"

"Na gwaji ne. In lokaci ya yi zai ce, Kaka, sha magani."

"Kakanka, tsoho na gaske ma, bai juya ni ba, sai kwali?"

"Ai shi haƙuri ne ya kashe shi. Likita dai ya ce mantuwa ke damunku, injiniya ya ce a ƙara wa akwatin ƙara."

"Ku huɗu kun kasa zama ɗaki ɗaya, za ku koya wa kwali magana? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, malamin banza. Kuma wa ke mantuwa? Ranar da ka jiƙa mini zane ina sane, Talata ce!"

"Sharri! To karanto magungunan."

"Fari da safe, ja da rana, rabin ƙaramin in zan kwanta."

Ya saki baki. "To don me kullum in na bugo waya sai ki ce kin manta?"

Kaka ta mayar da ido kan titi. "In na ce na sha, gobe me za ka bugo ka tambaya?"

Tausayi ya kama shi, har da kunya. Ya zaro takarda zai rubuta wa abokan aikinsa, ya fasa, wannan ba maganar saƙo ba ce.

"Kin kayar da ni, uwargida. Gobe zan taso su ukun, su zauna nan su ji da kunnensu."

"Kawo su, kofuna na nan har sun yi ƙura. Bar mini kwalin in zuba zare." Ta share ido da gefen mayafi, ta kwashe da dariya. "Amma ka sani, in likitan nan kyakkyawa ne, aurenmu ya mutu!"