Hassana Ta Rasu, Usaina Tana Nan Tana Yawo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Alhaji Sahabi mai tabarmi na bakin kasuwar Illela, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gida da na ƙetaren iyaka rasuwar motata, wadda gari ya sani da suna Hassana. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a kan hanyar Tozai, bayan gajeriyar rashin lafiya ta zafin jiki. Ta yi shekara goma sha uku a hannuna, ban da waɗanda ta yi a ƙasar Turawa, waɗanda dillali bai taɓa faɗa mini gaskiyar yawansu ba.

Ga wanda bai san ta ba, marigayiya mota ce mai ƙofa huɗu, ruwan toka, 'yar Kwatano. Ba ƙarama ba ce, ba kuma irin manyan nan na masu mulki ba, daidai magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar idan an ɗan matsa. Tagwaye ne. Tirela ɗaya ta sauke su a Kwanni ita da 'yar'uwarta, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya. Ni da taubashina Lawwali, ɗan ƙanen mahaifiyata, muka je tare. Ni na fara zaɓa. Na zagaye su, na ƙwanƙwasa jiki, na kasa kunne a injin, na ɗauki wadda ta fi. Lawwali ko bonet bai buɗe ba, ya karɓi ragowar yana dariya. Daga nan aka sa wa tawa Hassana, tasa Usaina.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da zaɓen abinci. Lokacin da mai ya yi wuya a bakin iyaka, ta sha na 'yan bumburutu daga kwalba da galan, wani ja, wani kamar fitsarin jaki, ba ta taɓa mayarwa ba. Da asuba ki ɗaya ake yi mata, ta ce ƙirr-ƙirr, buuu, ta tsaya tana numfashi a hankali har in gama shan kunu. Ta ɗauki tabarmi a but da saman kai har gindinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta ɗauki ragon layya ya yi mata abin da ya yi, ba ta riƙe shi a zuci ba. Ita ta kai Inna, mahaifiyata, Sakkwato aikin ido, ta dawo da ita tana gani. Amaren danginmu da ta kai ɗakinsu ba su lissafuwa, kuma cikinsu babu wadda aka sauke a hanya aka ce ta tura.

A shekarun nan, duk gidan da naƙuda ta tashi ko ciwo ya yi tsanani a zuriyarmu, daga nan har Araba da Gidan Katta, ni ake kira. Ba don Lawwali ba shi da mota ba. Sai don an san Hassana ita ce babba.

Ba a tonon aibin mamaci, amma ba a kuma yi masa ƙarya. Ƙafarta ta gaba tana da ƙorafi, duk ramin da muka faɗa tsakanin nan da Gwadabawa sai ta ce gwaf, ko da kuwa jiya aka sa mata shokazoba. Gilashin baya na hagu ya daina sauka tun shekararta ta uku. Da girma ya zo, sai ta fara shan baƙin mai a ɓoye. Akwai kuma wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta kunna kanta a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, har na gaji na manna mata takarda muka zauna lafiya.

Ni kuwa, Allah shaida ne, ban rage ta da komai ba. Na sa mata ƙafafu masu ƙyalli da sai da na aika Kano aka kawo. Na sa mata fararen fitilu masu kashe ido, da rigar kujera mai laushi, da hon irin na tirela. Bara na sa mata allon nan da ake taɓawa da yatsa, mai nuna wa mutum bayansa idan zai ja da baya. Ranar da aka haɗa shi, rabin layinmu na kasuwa sai da suka shiga suka gani.

Sai a tambaya, mi Lawwali ya taɓa yi wa Usaina? Babu. Kujerarta a yage, ya shimfiɗa tsohon buhu a kai. Rediyonta tasha ɗaya yake kamawa. Madubinta na dama da igiyar roba yake ɗaure. Abin da kawai ya sani shi ne ya kai ta juyen baƙin mai da wankin lagireto, kamar mai kai yaro rigakafi, ya zauna a benci yana gyangyaɗi har a gama. Amma ban taɓa ganin an ɗaura wa Usaina igiya ana jan ta ba. Ban taɓa ganin bonet ɗinta a buɗe a bakin hanya ba. Na sha tsayawa in duba da kyau.

Game da ciwon ajali. Halliru bakanike, likitanta tun tana sabuwar zuwa, ya daɗe yana maganar lagireto, wai ya toshe, wai fankar ma sai ranar da ta ga dama take juyawa. Na ce masa za a duba bayan Salla. Bakanike ai kullum ba ya rasa abin faɗa.

Ranar Asabar ɗin muka tashi ɗaurin auren wani ɗan'uwa a Tozai, mota biyu. Inna tana gaba kusa da ni, mai ɗakina Ummu da yara suna baya. Ban san yadda aka yi ba, Usaina ta riga mu fita gari, muka bi ta muna shan ƙurarta. Allurar zafi ta fara hawa. Ummu ta ce tana jin ƙauri, in tsaya a duba. To, marigayiya ba ta saba bin bayan ƙanwarta ba, na ji hakan a jikinta, a ƙarƙashin ƙafata. Na ba ta wuta. Ta yunƙura kamar a ƙuruciyarta, ta kamo Usaina, ta jera da ita, ta wuce, na danna mata hon ɗin tirela. Na waiwaya in ga fuskar Lawwali. Dabino yake ci, ya ɗaga mini hannu da fara'a, bai ma san ana wani abu ba.

Ba mu yi nisa ba ta ce ƙwas-ƙwas-ƙwas daga can cikin ƙirji, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Tururi ya taso ta gefen bonet. Ta gangara da kanta gindin wata itaciyar bedi, ta ja dogon tsssss, ta yi shiru. Na murɗa ki, ta ce ƙyat. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Lawwali ya tsaya, ya fito da jarkar ruwa da yake yawo da ita a but, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya kwashe iyalina kaf ya zuba a Usaina, ya buɗe wa Inna ƙofar gaba, ya gyara mata buhun. Ya ce in shigo a matsa, na ce ba na barin gawa ita kaɗai. Kafin su tashi Inna ta jingina, ta miƙe ƙafa, iskar esi ta buge ta, ta leƙo ta taga ta ce, "Sahabi, mi ya hana ka sayi irin wagga tun farko?"

Uwar da ta haife ni ke nan, da idon da Hassana ta kai aka gyara.

Halliru ya zo a kan babur da la'asar. Ya zaro sandar awon mai, ya nuna mini, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Ya ce gaskit ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, injin ya buga. Ya ce sai dai a sa mata wani injin, ya dubi fuskata, ya tuna yadda kasuwar tabarma take tun da aka rufe iyaka aka buɗe, sai ya cire hularsa ya yi mini gaisuwa.

Na ji ana ta surutu a majalisa cewa sakaci ne. Ni dai na san mota mai kyau ba ta rasa ido a kanta, kuma baki ya fi guba. Ban ambaci sunan kowa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Ummu, da yara biyar waɗanda tun ba a yi sadakar uku ba suka koyi tsayuwa a ƙofar gidan Lawwali da safe a kai su makaranta. Babbarsu Latifa har ta zo tana ba ni labari wai gilashin Usaina duka huɗu suna sauka. Ta bar taya safaya da jak, da batir da bai yi wata biyu ba, da allon taɓawa da ba shi da sauran abin da zai nuna. Ta kuma bar 'yar'uwarta Usaina cikin ƙoshin lafiya, wadda ke wucewa ta gaban rumfata safe da yamma da madubinta na igiya.

Shekaranjiya naƙuda ta kama matar wani ƙanenmu a Araba. An kai ta asibiti, ta sauka lafiya, an samu namiji. A bakin masu shayi na ji. Wayata tana aljihuna wuni guda, da caji, ba ta yi ƙara ba.

Lawwali ya zo ta'aziyya, kuma dole in faɗi gaskiya, idonsa ya yi ja. Ya tuna ranar da muka shigo da su gari a jere yara suna bin mu da gudu. Da zai tafi ya ajiye makullin Usaina na biyu a kan tabarmata, ya ce duk lokacin da nake so in ɗauka, ba sai na tambaya ba, ai tawa ce. Da zagina ya yi da na san abin da zan mayar masa. Makullin yana nan inda ya bar shi, Ummu tana sharewa tana zagaye shi.

Game da jana'iza. Limamin unguwarmu ya ja mini kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, don haka addu'ar haƙuri ga mai ita kawai ake nema. Za a kai gawar garejin Halliru, inda za a raba abin da ya rage kafin 'yan gwangwan su ɗauki gangar jiki. Halliru ya ce giyarta lafiya lau take kuma za ta zauna wa Usaina daram, Ummu ta sa baki, na amince, tunda a ciki take ba mai gani. Ƙafafun masu ƙyalli kuwa za su zauna a ƙarƙashin gadona.

Har yanzu tana can gindin bedi, wani mai gona yana duba mana ita. An nemi motar da za ta jawo ta, a dangi kaf ba a samu mai igiya da ƙarfin ja ba sai guda ɗaya. Usaina ce za ta jawo yayarta, ni kuma zan zauna a sitiyarin marigayiya in riƙe mata hanya, ina kallon bayan motar Lawwali tun daga hanyar Tozai har gida. Na roƙi a bi ta bayan gari, Lawwali ya ce can yashi ne, za mu kafe. Ta bakin kasuwa za a bi, ranar kasuwa, bayan azahar, don ranar kaɗai yake da sarari.

Masu son rakiya sai su tsaya a bakin titi. Alfarma ɗaya nake roƙo: duk wanda zai ɗaga hannu, don Allah ya ɗaga wa motar baya.