Mati da Kwanon Baba Na'allah

Su uku ne a gidan, a wani lungu bayan Kasuwar Kurmi. Akwai Uwani mai ɗinkin huluna, wadda mijinta ke fatauci a kudu, sai salla-salla ake ganinsa. Akwai ƙaninta Mati, ƙato har da gemu, wanda in ka ce masa tsaya nan, to damina a nan za ta same shi. Sai mahaifinsu Baba Na'allah, da suka ɗauko daga ƙauyensu na ƙasar Zazzau bayan ya faɗo daga kan rumbu ya karya ƙugu. Ƙashi ya ɗinke, amma tsoho ya daina cin abinci. Yadda kwano ya shiga ɗakinsa haka yake fitowa. Likita ya gaya wa Uwani ƙiri-ƙiri, in aka ci gaba a haka gado za a ba shi, a zura masa roba ta hanci. Baba kuwa ya rantse gara a kai shi kushewa.

To wanda duk ya ce maka mutum zai rasa abin da ransa ke so a cikin birnin Kano, ƙarya yake, ko kuwa bai san gari ba. Ga amalar Yarbawa a Ayagi, ga burabuskon Zangon Barebari, ga alkubus da gurasa na jikokin Larabawa a Dandali, kowane lungu da ƙamshinsa. Uwani ta ce za ta bi su ɗaya bayan ɗaya har a dace. Illar dai ɗaya ce, ɗan aiken Mati ne.

Wata rana ta miƙa masa kwano ta ce, "Abinci mai daɗi ba ya ɓuya. Inda ka ga layi ya fi tsawo, ka bi, abin da ake bayarwa ka karɓo wa Baba." Mati ya wuce mai masa, ya wuce mai dambu, don layinsu gajere ne. A ƙofar gidan mai unguwa ya tarar da layi har ya sha kwana, duk mata da goyo. Ya bi. Da aka zo kansa ya tara kwano, wata ma'aikaciyar lafiya ta ce, "Malam, allurar rigakafi ce, ba a zubawa a kwano." Ya ce to a ina ake zubawa? Ta ce a dantse. Ya naɗe hannun riga. Da azahar ya dawo yana dafe da dantse, ya ce, "Yaya, na karɓo wa Baba, tana nan a jikina. Yaya za a yi a ba shi?" Uwani ta jefe shi da murfin kwanon.

Wata rana ta ce, "Yau da suna zan aike ka. Ka je Ayagi wurin Iya Risika, ka sayo amala. Miyarta kala-kala ce, ka ɗanɗana kowace, wadda ba yaji ita za ka karɓo." Mati ya shiga rumfa, tukwane na can ciki, amma ga miya a gaban kowa. Ya fara daga bakin benci, ya tsoma yatsa a kwanon wani tela, ya lasa, ya girgiza kai, ya matsa gaba. Kwano na uku na wani mahauci ne mai wuya kamar turmi. Mahauci ya damƙe yatsan ya ce, "Kai, uban wa ya gayyace ka?" Mati ya ce, "Yi haƙuri, saura biyu in gama." Iya Risika ta fito da ludayi tana faɗa da Hausa tana ƙarasawa da Yarbanci, amma da ta ji don tsoho marar lafiya ne, sai ta cika kwano har da ganda ta ce a gaishe shi. Baba ya dubi amala, ya juya fuska bango.

Wata rana aka ce a gwada burabuskon Ya Falmata ta Zangon Barebari. Uwani ta ja kunnensa ta ce, "Da zafi nake so ya iso. In ka karɓa ka miƙe sak zuwa gida, kada ka karkata ko'ina." Duk wanda ya san cikin birni ya san babu lungun da ya miƙe, kowanne tafiyar maciji yake yi. Mati ya saita gida da hanci ya taho. Ya shiga zauren wani malami ana tsakiyar karatu, ya ratsa tsakar gida mata na ihu, ya haura katanga, ya dira cikin garken tumaki, ya keta kududdufi ruwa har ƙirji da kwano a ka. Ya iso da kainuwa a gemu, jama'a na biye da shi da sanduna. Burabusko dai da zafinsa, wannan ba wanda zai yi musu. Uwani ta yini tana ba mutane haƙuri. Baba ya kai loma ɗaya kusa da baki, ya mayar.

Wata rana, ana gobe za a koma asibiti, Uwani ta leƙa ta ga tsoho ya zama kamar kara, ta fito tana share ido da gefen mayafi. Ta daka wa Mati tsawa, "Ni na gaji da zaɓe! Je ka rumfar Hajiya Zuwaira a Dandali, duk abin da ka tarar a rumfar ka kwaso min shi, kada ka bar komai!"

Ba a daɗe ba ta ji hayaniya a zaure. Ga Mati da tiren alkubus a ka, benci a kafaɗa. A bayansa ga tsofaffi riƙe da kwanukansu, ya taso su suna tsakiyar ci, ya yi ta kuka har suka biyo shi. Akwai wani dogo, Alhaji Barau dillalin fatu, da Ba Modu mai turare, da wani kurma da bai ma san inda za a je ba. Kafin Uwani ta buɗe baki Mati ya shige da su ɗakin Baba, ya dasa benci.

Alhaji Barau ya dubi majinyaci ya ce, "Daga ina aka kawo wannan?" Mati ya ce daga ƙasar Zazzau. Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Ashe Bazazzagi ne! Ku daina wahala. Cikinsu bai san alkama ba, in ya ci suma zai yi. Ku ci abinku, jama'a."

Suka sa hannu a tire ɗaya, suna ci suna santi. Baba ya buɗe ido ɗaya. Ya yunƙura ya jingina da bango, ya ce, "Bakano ne zai gaya min ci? Ku da kuke auna miya da cokali kamar magani? Matsa min, bawana." Ya gutsuri alkubus ya dulmiya a miyar taushe. Ba Modu ya ce, "A hankali, tsoho, ba gudu tiren zai yi ba." Baba ya ce, "A gaban Bakano komai gudu yake."

Uwani ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Baba ya hango ta, ya ce da loma a baki, "Ke, tun da aka yaye ni ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. A garinmu kowa fito da kwanonsa yake a haɗu a ƙofar gida. Kun rufe ni a ɗaki kuna turo min kwano kamar ɗaurarre. Kawo ruwa, kuma gobe a shimfiɗa mana a zaure."

Ta juya za ta ɗebo ruwa, sai ga Mati a rakuɓe jikin randa yana kare kai da hannu. Ya ce, "Yaya, kada ki dake ni. Ban kwaso duka ba. Hajiya Zuwaira ta ƙi ɗaukuwa."